Yadda Tasalla Ta Koya wa Bodari Sallama

Dalilin da ya sa bodari yake wannan wari, wanda ya sa ɗazu kuka toshe hanci kuna ta tofar da yawu a bayan rumbu, ba ƙazanta ba ce, kuma ba da shi ya zo duniya ba. Aikin wata mata ce. Ku ajiye mini sandunan nan ku zauna. Wa ya ce muku ana bin bodari da sanda? Duk wanda ya je ya tsokane shi, ya dawo mini da warin nan a jiki, wallahi a zaure zai ci tuwonsa, ba a ɗakina ba. Ku matso in ba ku labari.

A da can, zamanin da dabbobi suke magana da mutane baki da baki, babu dabbar da ta kai bodari tsafta. Baƙin jikinsa yana ta sheƙi, farin zanen da ke bayansa fes kamar yanzu aka wanke. Ba shi da wari, ba shi da ƙanshi, ba shi da komai. Kare zai zo ya wuce ta gabansa bai san da shi ba. Tafiyarsa ba ta ƙara ko a kan busasshen ganye. Da rana tsaka yake shiga gidajen mutane ya fita, babu wanda ya sani.

Sauran namun dajin da ke damun gida kuwa, kowa da yadda yake tona wa kansa asiri. Kura tun daga nesa take kukanta. Dila ba ya iya rufe bakinsa. Shaho kafin ya sauko inuwarsa ta riga shi isowa, kaji su watse. Ko maciji yakan bar sawun jan cikinsa a ƙasa. Bodari ne kaɗai ba ya barin komai. Abin da ya fi so a duniya ƙwai ne, kuma ba kowane ƙwai ba, sai mai ɗumi, wanda kaza take kwance a kai. Ba ya fasawa. Haɗiyewa yake yi ɗungurungum da ɓawon, don kada a ji ƙas, kada kuma a tsinci ɓawo a gane ya zo.

To, a wani ƙauye akwai wata mata ana kiranta Tasalla, sana'arta daddawa. Gidanta ne na ƙarshe, daga dangarta sai daji. 'Yar gajera ce, ba jiki, ba ta da yawan magana, amma in ta ce za ta yi abu, gara a ba ta hanya. Mijinta Nomau mutumin kirki ne, sai dai sanyin hali. Ko rumbu ne ya faɗi, sai ya ce Allah ya mayar da alheri, ya gyara kwanciya a kan tabarmarsa.

'Ya'ya da yawa Tasalla ta haifa, ɗaya Allah ya bar mata, sunanta Kulu. Kulu tana aure a wani ƙauye can gaba, sai aka aiko cewa ta samu ciki, in ya tsufa za ta zo goyon ciki wurin uwarta. Tasalla ta yi murna har da ƙwalla. Amma ta tuna nata jegon. Shekarar da ta haifi Kulu shekarar yunwa ce, ba a yanka mata ko tattabara ba. Da tsuran kunu ta yi jego, tana miƙewa jiri yana ɗibarta. Abin bai taɓa barin ranta ba. Ranar da saƙon ya zo ta ci alwashi cewa 'yarta ba za ta yi irin wannan jegon ba, sai ta sha romon kaza har ta ce ya ishe ta.

Kajin kuwa fa? Daji ya cinye su. Dila ya ɗauki nasa, shaho ya ɗauki nasa, muzuru ya ɗauki nasa. Tasalla ba ta zauna tana kuka ba. Ta sari ƙaya ta jera a gindin danga, dila ya daina shigowa. Ta yi rumfar kara a tsakar gida, shaho ya rasa ta inda zai sauko. Ta kwaɓa laka ta liƙe ramuka. Amma kafin ta gama wannan duka, kaza ɗaya tak ta rage mata, wata wake-wake mai faɗan tsiya. Allah ya taimaka zakaran maƙwabta yana leƙowa, kazar ta yi ƙwai ta hau kwanci. Tasalla ta lissafa a ranta: in ƙwan nan ya ƙyanƙyashe yanzu, kafin Kulu ta haihu 'yan tsakin sun isa yanka. In kuwa ya salwanta, shi ke nan, lokaci ya ƙure.

Sai ƙwai ya fara raguwa. Yau ta leƙa ta ga babu ɗaya, gobe ta leƙa ta ga babu wani. Ba ɓawo, ba gashi, ba jini, karen gidan ko haushi bai yi ba. Za ku ce me ya hana ta toshe akurkin? Bazara ce, ana zafi kamar a gasa mutum, in ta toshe da rana kazar za ta mutu a ciki. Me ya hana ta kai kazar ɗakinta? Ku da ba ku san kaza ba. Mai kwanci in ka ɗaga ta daga gurbinta, yaji take yi, ta bar maka ƙwanka ka kwanta da kanka.

Ta gaya wa Nomau. Ya ce ƙila aljanu ne, a bar su, Allah ya mayar da alheri. Ta dube shi kawai, ta yi tsaki, ta ɗebo toka a murhu ta tankaɗe, ta barbaɗa a bakin akurki. Bayan ta dawo daga rijiya sai ga sawu ƙanana a kan tokar, sun shiga sun fita. Washegari ta bar aikinta, ta laɓe a bayan turmi. Rana na take sai ga bodari ya ratso ta ƙasan danga, yana taku ɗaiɗai kamar gidan ubansa.

Ta fito ta tare masa hanya. Ko gezau bai yi ba. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi gida, ya tambayi Malam, ya tambayi sana'a. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce:

"Kai ɗan nan, a garinku haka ake shiga gidan mutane? Ba sallama, ba gafara?"

Ya ce ai bai so ya dame ta ba ne, ya ga tana da aiki. Ya ce shi ɓeraye ya biyo. Da ta yi maganar ƙwai sai ya zare ido, ya ce a nuna masa ɓawo ɗaya in shi ne.

Tasalla ta san ba za ta iya kama shi da gudu ba, kuma ba za ta iya wuni a bayan turmi kullum ba, ga kalwa na jiranta a wuta. Sai ta nemi sulhu. Ta ce ɓerayen da ke ƙarƙashin rumbu duk ta ba shi, dama sun addabe ta, ya zo ya ci duk lokacin da ya so. Sharaɗi ɗaya ne: kafin ya shiga ya yi wa mai ɗaki sallama, kuma ya jira a amsa. Nufinta in ta ji sallamarsa ta ruga ta kifa ƙwarya a bakin akurki har ya tafi. Bodari ya dafa ƙirji ya ce ya yarda, in ya saɓa kada ya ƙara ganin alheri.

Ai kuwa kwana bai yi nisa ba ƙwai ya sake raguwa. Tasalla ta sake laɓewa, ta sake tare shi, yana fitowa daga akurki yana lasar baki. Ta tuna masa alkawari. Ku ji abin da ɗan banzan nan ya ce mata:

"Haba Iya, ai ban saɓa ba. Cewa kika yi in yi wa mai ɗaki sallama. Akurki ɗakin kaza ne. Na ce mata salamu alaikum, ta ce ƙwaƙ, na shiga."

Ya kaɗa wutsiya ya ratse ta ƙasan danga.

Baƙin ciki ya cika Tasalla. Ba satar ce ta fi ƙona mata rai ba, rainin ne. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin kazar, ta sha tsattsaga a hannu, ta ƙirga. Saura ƙwai huɗu. Nomau ya ce daga kan tabarma ta yi haƙuri, in Kulu ta zo ko miyar kuka ce za ta sha, ai ba a mutuwa. Tasalla ta ce masa:

"Malam, ni na sha miyar kukar, na san yadda take. Kulu kaza za ta ci."

Ta zauna a bakin murhu tana tura kara a wuta tana tunani. Ɗan nan ba a jin tafiyarsa, ba a jin ƙanshinsa, bakinsa kuma ya fi nata kaifi. Amma ta lura da abu biyu a laɓewar da ta yi: ba ya fasa ƙwai, kuma ba ya duba shi. Hannu kawai yake zurawa ƙarƙashin kaza, in ya ji ɗumi ya jefa a baki. Da ta kai nan a tunaninta sai ta miƙe ta ɗauki mayafi da 'yar ƙwarya.

Kun san baragurbi? Shi ne ƙwan da kaza ta gama ƙyanƙyasa ta tashi ta bar shi a gurbi, bai zama ɗan tsako ba, ya ruɓe a cikin ɓawonsa. Ba a fasa shi a cikin gida, can bayan gari ake jefarwa. Shi Tasalla ta shiga nema gida gida. Ta yi sallama, a gaisa, a tambayi gajiya, sai ta ce ko Allah ya sa kuna da baragurbi ku sam mini.

Tabɗi! Ranar ta sha dariya. Wata ta ce ko sabon salon daddawa ne aka fito da shi, a gaya musu su daina saye. Wata ta bi ta da kallon tausayi, ta ce wa maƙwabciyarta warin kalwa ne ya taɓa mata kai. Matan da ke daka a wani gida har suka ajiye taɓare suna riƙe ciki.  Tasalla dai in an ce babu, ta ce Allah ya ba mu alheri, ta wuce gida na gaba. Kunya kam ta ji ta, don ita ma mutum ce, amma ba ta juya ba. Ta gama ƙauyensu, ta taka zuwa rugar da ke bayan rafi, ta dawo da ƙafa duk ƙaya. A ƙarshe wata tsohuwa, Gwaggo Yalwa, ta ce akwai wasu a tsohon akurkinta da ta manta ba ta zubar ba tun damina. Ta ce ta ɗauka, amma don Allah ta yi nisa da su kafin ta yi tuntuɓe.

Saura ɗumi. Baragurbi sanyi ƙalau yake, bodari yana taɓawa zai gane. In ta sa a rana ya fashe, in ta sa kusa da wuta ya fashe. A nan sana'arta ta yi mata rana. Ku da kuke cin daddawa a miya ba ku san yadda ake yinta ba. In an dafa kalwa an surfe an wanke, ana zuba ta a kwando ne a rufe da ganye da tsumma, a ajiye a lungu. Tana nan a rufe take ɗaukar zafi da kanta, ɗumi mai laushi irin na jikin mai rai. Tasalla ta buɗe kwandonta, ta binne baragurbin a tsakiyar kalwar, ta mayar da ganye ta rufe. Ta san ta yi asarar daddawar kwandon nan gaba ɗaya, ba ta ko waiwaya ba. Baragurbin ya kwana a ciki yana shan ɗumi, yana ƙara ruɓa a kan ruɓarsa, warin kalwa yana ratsa shi.

Da hantsi ya yi ta tono su a hankali, ta goge da toka da tsumma har suka yi fes. Ta je akurki. Kazar ta tayar da gashin wuya ta kai mata sara, Tasalla ta cije, ta zaro ƙwai huɗun nan masu rai, ta tura baragurbi a madadinsu. To ina za ta kai masu ran? In suka huce, 'yan tsakin da ke ciki sun mutu. Sai ta naɗe su da auduga, ta kwance zaninta, ta ɗora su a kan fatar cikinta, ta ɗaure. Ta koma bayan turmi ta zauna a hankali kamar mai ciwon baya.

Ta jira. Rana ta hau, gumi yana bin ta, ba ta motsa ba. Ƙafarta ta yi sanyi ta mutu, ba ta miƙe ta ba. Ƙuda ya sauka a hancinta, ta bar shi. Nomau ya ɗago kai ya ce a ba shi ruwa, ta harare shi, ya tashi ya ɗebo da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Tsoro ɗaya ne a ranta, kada kazar ta juya da ƙarfi ta fasa baragurbin kafin mai shi ya iso.

Can sai ga shi. Ya ratso danga, ya duba hagu ya duba dama, ya je bakin akurki. Har da ɗan rusunawa, ya ce salamu alaikum a hankali. Kazar ta ce ƙwaƙ. Ya zura hannu, ya ji ɗumi, ya jefa a baki. Ya sake zurawa, ya sake jefawa. Yau da ya ga ba kowa, sai ya ce bari ya share gurbin gaba ɗaya. Ya haɗiye na ƙarshe ke nan, cikinsa ya yi tim, Tasalla ta ɗauki taɓarya ta buga a turmi da iyakar ƙarfinta.

Bodari ya zabura ya yi tsalle, ya faɗo a kan cikinsa. Sai aka ji fus, can ciki.

Yara, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Abin da kuka ji ɗazu a bayan rumbu saura ne, wanda ya tsufa ya huce. Na ranar sabo ne. Karen gidan ya taso da haushi, bodari ya tsorata ya juya masa baya ya ɗaga wutsiya, abin ya fito. Kare ya koma yana kuka yana goga hanci a ƙasa. Nomau, wanda ko gobara ba ta sa shi sauri, ya tsallake danga bai taɓa ta ba, ya bar takalmansa. Maƙwabta suka fito suna salati suna tambayar abin da ya mutu.

Tasalla kaɗai ba ta gudu ba. Idonta yana zubar da ruwa, amma in ta yi gudu ƙwai ya fashe. Ta miƙe a hankali, hannu ɗaya dafe da ciki, ta taka ɗaya bayan ɗaya ta cikin warin nan har bakin akurki. Kazar tana neman tashi, ta dafa bayanta tana lallashi har ta lafa. Ta kwance zani, ta mayar da ƙwai huɗu gurbinsu da ɗuminsu. Sai da ta ga kazar ta gyara zama a kai, sannan ta zaga bayan ɗaki ta yi amai.

Bodari kuwa rafi ya nufa. Ya yi wanka, ya yi birgima a yashi, ya ci ganyen da ya sani da wanda bai sani ba. Ina! Abin ba a fata yake ba, a ciki yake. Ya je wurin 'yan'uwansa, kowa ya tashi ya ba shi wuri. Bayan 'yan kwanaki ya dawo gidan Tasalla. Tun yana bakin daji ta ji shi, ta ajiye abin da take yi, ta kifa ƙwarya a bakin akurki, ta ɗora dutse, ta tsaya tana jiransa. Ya tsaya daga bayan danga, kai a ƙasa, ya ce ya tuba, ta ba shi makari. Ta ce ba ta da shi, kuma gaskiya ta faɗa. Ta ce:

"Ɓerayen rumbu har yanzu naka ne, ban janye ba. Sallama kuwa ka huta, ba sai ka buɗe baki ba. Tun kana gindin ɗorawa na amsa."

Mutanen gari sun daɗe suna yi mata mita. Suka ce ta jawo musu masifa, da ɓarawo ne kawai, yanzu ga sata ga wari, karnuka ma sun daina tunkararsa. Ta ce su yi haƙuri, hanci yana warkewa.

Ƙwai huɗun nan uku suka ƙyanƙyashe, ɗaya bai yi ba. Tasalla ta yi ta kiwonsu kamar 'ya'yan cikinta, tsaki da gara da ruwa a kasko, ido a sama ido a ƙasa. Kulu ta zo da tsohon ciki, ta sauka lafiya, namiji. Ranar da ta fara wankan jego, uwar ta kama zakaran da ya fi girma, Nomau ya yanka, ta dafa shi da yaji da daddawa mai kyau har nama yana barin ƙashi. Ta kai mata ɗaki ta zauna a bakin ƙofa. Kulu ta sha romo, gumi ya karyo mata, ta tura akushin ta ce Inna ki ci mana. Tasalla ta ce ta ƙoshi. Ba ta ci komai ba tun safe, amma ba ƙarya ta yi ba. Ta zauna tana kallon 'yarta tana tauna, har ta ga ƙasan akushin.

To kun ji asalin abin. Shi ya sa har wa yau bodari ba ya iya shiga gidan kowa a ɓoye, warinsa yake riga shi isowa, kuma kunya ta sa ya bar yawon rana sai in duhu ya fara. Baragurbin nan yana nan a cikinsa, ya gadar wa 'ya'yansa da jikokinsa, kuma da ya tsorata yake sakinsa. Saboda haka ba a dukansa, ba a tura masa kare, ba a rutsa shi a lungu. A bar shi ya ci ɓerayensa ya wuce. In kun ji shi, ku san baƙo ne ya yi sallama, amsarta kuma ba da baki ake yi ba. Maza ku tashi ku rufe mini akurki, ku ɗora dutsen.